Popovich: kaka 29 a kujera ɗaya

Jama'a, yau na ajiye siyasa, duk da na san wasunku za su hango ta a ciki. Maganar wani dattijo zan yi, Gregg Popovich, tsohon kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta San Antonio Spurs a Amurka. A watan Mayun 2025 ya ajiye aikin horaswa yana da shekara 76, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya same shi a Nuwamban 2024.

Ga abin da ya bari: kaka 29 yana jan ƙungiya ɗaya. Kofin NBA biyar, a 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014. Ya ci wasa 1,390 a gasar, babu kocin da ya kai shi. Sau uku ana zaɓensa gwarzon koci, ga kuma zinaren Olamfik da ya ciwo wa Amurka a Tokyo.

Ni fa ba ɗan Spurs ba ne. Irinmu da muka fara kallon NBA saboda Hakeem Olajuwon, Houston muke yi, kuma Houston da San Antonio kishiyoyi ne a jiha ɗaya. Na sha raba dare ina jiran a doke su, domin wasanninsu wajen ƙarfe biyu ko uku na dare suke zuwa mana, wani lokaci ana tashi ana kiran assalatu. Amma gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya cancanci a tsaya a dube shi.

Farkonsa ba abin alfahari ba ne. Tsohon sojan sama ne, kuma kakarsa ta farko a matsayin koci a wata ƙaramar kwaleji, Pomona-Pitzer, wasa biyu ya ci, aka doke shi 22. A Disamban 1996, yana manajan Spurs, ya sallami koci Bob Hill ya hau kujerar da kansa. Mutanen gari ba su ji daɗi ba, ƙungiyar kuma ta ƙare kakar da nasara 20 kacal a wasa 82. Da a wajenmu ne, wallahi ko jakarsa ba za a bari ya ɗauka ba. Masu ƙungiyar suka yi haƙuri. Daga 1998 zuwa 2019, shekara 22 a jere, Spurs ba su taɓa rasa gurbi a zagayen fitar da gwani ba.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Ai sa'ar Tim Duncan ya ci." Akwai ƙamshin gaskiya. Faɗuwar 1997 ce ta ba su damar ɗaukar Duncan, kuma daga ritayarsa a 2016 har Popovich ya sauka kofi bai sake zuwa ba. Amma ƙungiyoyi nawa ne suka samu ɗan wasa na farko suka lalata shi? Sannan wa ya ga Manu Ginobili na Ajantina, da aka ɗauka na 57 a 1999? Wa ya miƙa wa Tony Parker, yaro ɗan Faransa mai shekara 19, ragamar wasa a lokacin da Amurkawa ke raina 'yan wasan waje? Kuma abin da 'yan wasansa suka sha faɗa shi ne, yadda yake yi wa ƙaramin ɗan wasa tsawa, haka yake yi wa Duncan a gaban kowa. Idan babba ya karɓi gyara, yaro ba shi da bakin magana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 2013. Wasa na shida da Miami, saura daƙiƙa 28, Spurs na gaba da maki biyar, har ma'aikata sun fara kewaye fili da igiya don bikin ba da kofi. Popovich ya fitar da Duncan, Chris Bosh ya cafe ƙwallon da ta dawo, Ray Allen ya jefa ta maki uku. Kofi ya suɓuce. Aka yi ta zaginsa kan wannan canji. A daren nan ya tara yaransa wajen cin abinci yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ba su baki. Da aka dawo atisaye, sai ya zaunar da su suka kalli faifan wasan, kowa ya ga inda ya yi sake. Shekara na zagayowa suka sake haɗuwa da Miami ta LeBron James, suka casa ta 4 da 1, da 'yan wasa daga Faransa, Ajantina, Ostireliya, Birazil, Italiya da Kanada, ƙwallo na yawo hannu zuwa hannu har sai ta samu wanda ba a tsare ba. Mahaƙurci mawadaci.

Mu ma muna da namu a labarinsa. Ranar 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas, D'Tigers suka doke Amurka 90 da 87, karon farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Ku tuna a Landan a 2012 ci 156 da 73 suka yi mana. Popovich ne kocin Amurka a daren, wanda ya ja tawagarmu kuwa Mike Brown ne, tsohon mataimakinsa. Ɗan koyo ya kayar da maigida, maigidan ya yaba wa Najeriya, ya wuce Tokyo, Faransa ta doke shi a wasan farko, ya rama a na ƙarshe.

To, nan ne inda nake son mu tsaya. Ime Udoka, wanda ya buga wa Najeriya, shekara bakwai ya yi yana mataimakinsa kafin ya kai Boston wasan ƙarshe a 2022. Mike Budenholzer ya fito daga hannunsa ya ci kofi da Milwaukee a 2021. Steve Kerr ya yi wasa a ƙarƙashinsa, ya je ya ci huɗu da Golden State. A 2014 ya ɗauki Becky Hammon, mace ta farko da ta zama cikakkiyar mataimakiyar koci a NBA. Da ciwo ya kwantar da shi, ba a shiga kasuwa neman baƙo ba, mataimakinsa Mitch Johnson aka ɗora.

Mu kuwa fa? Daga farkon 2024 zuwa farkon 2025, Super Eagles ta ga Peseiro, Finidi, Eguavoen da Chelle. Mutum huɗu cikin shekara ɗaya. Kuma ba a ƙwallo kaɗai abin ya tsaya ba. Na ga shaguna da makarantu da suka mutu ranar da mai su ya kwanta, saboda bai taɓa yarda wani ya san inda makulli yake ba. Wanda aka ɗora ba a ba shi lokaci, wanda ya daɗe kuma tsoron yaransa yake ji.

Duk mai yara a ƙarƙashinsa, a gareji ne, ko ofis, ko aji, ya tambayi kansa: in na kwanta gobe, wa na koya wa?

Allah Ya ba dattijo lafiya, mu kuma Ya ba mu shugabanni masu haƙurin gini.