Wahalar Intanet A Gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta a kan wani abu da ke cin kuɗinmu, watau intanet na gida wanda ba ya zama, yanzu ga shi, an jima babu.

Mu nan ƙasar Ikara, da maƙwabtanmu na Makarfi da Kudan, galibinmu ba a jawo mana igiyar intanet har cikin gida ba. Abin da mu ke da shi wani ɗan akwati ne da a ke sa wa sim, shi ke kamo sabis daga dogon ƙarfen kamfani, ya rarraba wa wayoyin gida da kwamfuta. A kan saya masa data ta wata guda, kwana talatin kuwa in sun cika sun cika. Tun da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yarda a ƙara kuɗin har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu 2025, hasarar ta ƙara ciwo. Ni aikina aika lissafi ne Kaduna kowane ƙarshen wata, in ya makara, albashin mutane ke makara.

Na lura in sabis ya yanke, mutanenmu su kan kashe akwatin su kunna, in ya ƙi sai su zagi kamfani, su tafi su sayo wani sim. Akwai wanda ya tara huɗu. A ganina wannan shan magani ne ba a san cutar ba. Mu da aka hora a makarantar Mishan an saba mana da rubuta kome, saboda haka na sami littafi na ja layi: rana, ƙarfe nawa, da wutar lantarki ko babu, da launin fitilar akwatin. Mako uku ina cika shi. Ashe cutar ba ɗaya ba ce.

Fiye da rabin yankewar, daga wuta ne. Ba ɗaukewa kaɗai ba, har da wutar nan marar ƙarfi wadda ƙwai ke yin ja. In ta yi ƙasa, akwatin ya kan mutu ya sāke tashi da kansa, kuma kafin ya sāke gaisawa da ƙarfen kamfani minti biyu ko uku sun wuce. Mai aiki a ɗaki bai gani ba, sai ya ce sabis ne. Alamarsa, duk fitilun su kan mutu tare. Da na haɗa shi da ƙaramin batir mai cin hasken rana, wannan kashi ya fita daga littafina ɗungum. Zafi ma haka ya ke yi masa a watan Maris da Afrilu, in an ajiye shi kusa da kwanon rufi, ko an lulluɓe shi da ƙyalle don ƙura, yadda uwargida ta kan yi da kyakkyawar niyya.

Sa'an nan a tuna hanya biyu ce: daga wayarka zuwa akwati, da daga akwati zuwa ƙarfen kamfani. Gwajin ba wuya. Je ka tsaya kusa da akwatin. In ya gyaru, to, katangar ƙasa ce ta shiga tsakani. In bai gyaru ba, cire sim ɗin ka sa a waya, ka fita tsakar gida. In ya yi kyau a can, rufin kwano ne ya tare, sai a mai da akwatin bakin taga ta wajen da ƙarfen ya ke, a ɗaga shi sama. A duba kuma wayoyi nawa ke kansa, gama kalmar sirri in ta shiga hannun yaro ɗaya ta shiga unguwa.

Amma fa akwai abin da ba na gida ba ne, ba kuwa zan wanke kamfanoni ba. Littafina ya nuna daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma, fitila lafiya lau, sandunan sabis cike, amma takarda ɗaya ba ta tafiya. Dalili, ƙarfen nan kamar rijiyar gari ya ke, kowa guga ya ke zurawa lokaci guda. Da asuba kuwa sai ka ce jirgi. Wannan babu abin da sabon akwati zai yi masa. Ni dai na mai da aika lissafina bayan sallar asuba. Wani lokaci kuma abin daga nesa ya ke. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyin da ke ƙarƙashin teku suka yanke wajen Kwaddibuwa, har bankuna a Nijeriya suka sha wuya. A watan Oktoba 2024 kuma, da manyan layukan wuta suka lalace, Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. A irin waɗannan ranaku, mai hawa tsani yana juya akwati wahalar banza ya ke.

Wanda ya ga laifin na kamfani ne, ya kai musu ƙara, ya karɓi lambar ƙarar ya rubuta. In sun yi shiru, akwai lamba 622 ta Hukumar Sadarwa, kyauta a ke buga ta. Nan ne littafin ke amfani, don mai cewa "kullum ba sabis" lallashinsa a ke yi, amma mai kawo rana da sa'a tilas a ba shi amsa. Ina roƙon malaman Makarfi da na Hunkuyi su gwada mako uku su rubuto wa Edita, mu ga ko magaribarsu irin tamu ce, mu haɗa ƙara guda.

Naka a kullum,
Wani Akawu, Saulawa.