Wushiryar Inna

A wannan makon labarin mahaifiyarmu muka kawo muku.

Da ciwon dasashi ya zubar wa Inna haƙoran sama, mu 'ya'yanta muka yi karo-karo aka yi mata na roba. Ranar da aka saka, sai murna muke yi: farare tas, a jere kamar an ja layi. Ita kuwa ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta ce, "Ku yaran nan, bakin wa kuka aro mini?" Muka yi dariya. Sai da muka ga tana rufe baki da mayafi in za ta yi magana, har ta daina zuwa biki, muka gane ba wasa take yi ba.

Likitan da muka koma wajensa bai fara da bakinta ba. Fuskarta ya ƙare wa kallo, ya ce, "Hajiya, akwai hotonki na da wanda kike dariya?"

A wajensa muka ji cewa a 1914 wani likitan haƙori Ba'amurke, James Leon Williams, ya ce in aka juya babban haƙorin gaba na sama, siffarsa kan yi daidai da ta fuskar mai shi. Ya kasa su uku: mai kusurwa huɗu, mai tsukewa, da mai siffar ƙwai. Kamfanoni suka riƙa ƙera haƙora a kan wannan tsari. A shekarun 1950 kuma Frush da Fisher suka ce a duba shekarun mutum, da jinsinsa, da ɗabi'arsa. Binciken baya-bayan nan ya nuna mutane da yawa haƙoransu ba su bin siffar fuskarsu, shi ya sa likitan ya ce ƙa'idar wurin farawa ce kawai, hoto ya fi ta gaskiya.

Muka zazzage akwati har muka samo hoton sunan autanmu. Fuskar Inna doguwa ce, haɓarta a tsuke, amma an saka mata faffaɗan haƙora masu kusurwa. Ga kuma abin da duk muka manta: wushiryarta, wadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake yi mata kirari da ita. An toshe ta kamar wata aibu.

Aka jera sababbi a kan kaki don gwaji tun kafin a gama su: sirara, masu ɗan duhu daidai da shekarunta, da 'yar ƙofa a tsakiya. Ta duba madubi ta ce, "Yauwa, ga ni nan."

Laifinmu ne tun farko. Mu muka ce a ba ta mafi fari, ba wanda ya tambaye ta. Don haka in za ku kai iyayenku, ku tafi da tsohon hoto, kada ku yarda a gama ba a yi gwaji ba, kuma ku bar madubin a hannunsu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.