Kafin mu ce yaro "ya ƙare"

'Yan uwa masu bibiyar ƙwallo a Jahun da kewaye, akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu duba. Da zarar yaro ya tafi gwaji Dutse ko Kano ya dawo ba a ɗauke shi ba, ko ya yi wasa uku bai jefa ƙwallo a raga ba, sai a yanke masa hukunci a majalisa da gidan kallo: "Wannan ai ya ƙare, ɗan benci ne." Sau da yawa yaron ko shekara ashirin bai cika ba.

Ku tuna Sadiq Umar, haifaffen Kaduna. A 2016 ya ci wa Nijeriya ƙwallo huɗu a gasar Olamfik ta Rio, biyu daga ciki a wasan da muka doke Honduras muka ɗauko tagulla. Amma daga nan ƙungiyarsa Roma ta yi ta bayar da shi aro: Bologna, Torino, NAC Breda, har Rangers ta Scotland a 2018, lokacin Steven Gerrard na horar da ita. A can wasanni kaɗan ya buga, bai ci ko ɗaya ba, aka katse yarjejeniyar tun kaka ba ta yi nisa ba. Magoya bayan ƙungiyar suka mai da shi abin dariya.

Da ya koma Partizan ta Sabiya a 2019, inda ake sa shi wasa kowane mako, sai ƙafarsa ta buɗe. Almería ta Sifen ta saye shi a 2020, ya ci ƙwallo 20 a kakar farko, 18 a ta biyu, ƙungiyar ta hau babban rukuni. A 2022 Real Sociedad ta biya kusan Yuro miliyan 20 a kansa. Haka Victor Osimhen ya bar Wolfsburg ba ƙwallo ko ɗaya, amma a 2023 shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka.

Ba wai duk yaron da ya yi tuntuɓe zai zama Osimhen ba. Shi kansa Sadiq, bayan mummunan raunin gwiwa da ya ji a Satumbar 2022, ya sha wahala kafin ya fara dawowa daidai. Magana ita ce, yawan ƙwallayen da yaro ya ci ba ya isa a auna gobensa da shi. Manomi ya san geron da fari ya taɓa daban yake da wanda irinsa ne ba shi da kyau.

To, me za mu duba? Na farko, minti nawa aka ba shi? Wanda ake sakowa saura minti biyar a tashi, ba a gan shi ba tukuna. Na biyu, a gurbinsa ake sa shi, kuma akwai mai ba shi ƙwallo? Ɗan gaban da tsakiyarsa ta mutu yawo kawai zai yi a fili. Na uku, kuskurensa na gyaruwa ne? Rawar ƙafa a gaban mai tsaron gida da rashin iya tarbar ƙwallo, atisaye na maganinsu. Abin tsoro shi ne yaron da ke makara wajen atisaye, ba ya jin maganar koci, kullum laifin wani ne. Wannan ko yana ci kowane mako, ni ba na sa masa rai.

Masu horar da yara a filayenmu, don Allah ku ba yaro kaka guda cikakkiya kafin ku sallame shi. Mu kuma 'yan kallo mu rage ihu a kan ɗan shekara 17. Idan muna son ganin 'yan Jahun a Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars, a filin unguwa za mu fara yi musu haƙuri.

Wa kuka sani da aka yanke wa ƙauna da wuri, daga baya ya ba mutane kunya?