Cutar Baƙo, Cutar Mai Masauki

Mu Haɗejawa baki biyu gare mu a kan baƙo. Da ɗaya muke cewa baƙonka annabinka, mu share zaure, mu shimfiɗa tabarma, mu aiki yaro kasuwa ya sayo kifi. Da ɗayan kuma, idan baƙon ya ba da baya, muke raɗa wa matan gida cewa a ware masa kofinsa, yara su rage shiga ɗakinsu, don ba a san abin da suka kwaso a hanya ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake magana da bakunan nan biyu tsakanin hantsi da la'asar.

Shekarun 2014 da 2015 ne suka fito da wannan hali namu fili. Bayan harin Buni Yadi a Fabrairun 2014, da na Damaturu a farkon Disamba, da abin da ya auka wa Baga a Janairun 2015, hanyar da ta taso daga Gashuwa ta ratso Nguru ta riƙa sauke mana mutane da ƙullin kaya a ka. Yawancinsu ba sansani suka shiga ba. Zaurukan mutane suka shiga, da kangaye, da shagunan da ba a gama ginawa ba. Haka abin yake a duk arewa maso gabas a lokacin: ƙididdigar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta 2015 ta nuna kusan tara cikin goma na 'yan gudun hijirar a gidajen jama'a suke zaune. Wasunsu ma namu ne tun asali, 'ya'ya da jikokin masuntan da suka bi kifi zuwa tafkin Cadi tun kafin a haife mu, suka dawo suna tambayar gidan kakan da ba su taɓa gani ba. Ita kanta ƙasar Haɗejiya ai haka aka tara ta, Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, kowa ruwa ya kira shi.

An yi musu karamci, wannan ba a musu. Amma raɗar cuta ta zaga gari kafin tuwon sadaka ya huce.

To me suka zo da shi? Mun gani da idonmu. Ƙafafu sun kumbura saboda tafiya. Dattijo mai hawan jini ya yi wata uku bai haɗiyi ƙwaya ɗaya ba. Mace da ciki wata bakwai ba ta taɓa zuwa awo ba. Yaro idan salansar babur ta yi ƙara sai ya shige ƙarƙashin gado, da dare kuma ya jiƙa shimfiɗa, shekararsa tara. Duk cikin waɗannan babu wanda ake ɗauka ta kofi. Mu kuwa abin da muka ajiye musu ya fi yawa. Muna da sauron fadama, wanda baƙo bai isa ya kwana uku bai san shi ba. Muna da tsargiya a kududdufai da magudanan noman rani, inda katantanwa ke renon ƙwayar cutar, yaro ya shiga wanka ya fito, bayan 'yan makonni ya fara fitsarin jini, mu kuma mu ce ai girma ne ya zo. Muna da rijiyoyin da aka haƙa taku kaɗan daga masai. Idan za a yi hisabi na gaskiya, baƙon ne ya kamata ya ware kofinsa daga namu.

Malamanmu sun sha karanta mana cewa Muhajirai da suka isa Madina zazzaɓin garin ne ya kwantar da su, har da Sayyidina Abubakar da Bilal. Muna jin wannan a wa'azi mu girgiza kai, amma ba mu cika haɗa shi da mutumin da ke rawar sanyi a zaurenmu ba.

Duk mai waya a hannu ya san ba mu kaɗai ke da wannan baki na biyu ba. A Oktoban 2015 aka sanar da mutanen wani ƙauye a Jamus mai suna Sumte, su 102 kacal, cewa za a sauke musu masu neman mafaka har dubu ɗaya a wasu ofisoshi da suka daɗe a rufe. Aka yi taro, aka ɗaga murya, daga baya adadin ya koma 750. Cikin duk abin da aka faɗa, wanda ya tsaya mana a rai shi ne batun magudanar ƙazantar ƙauyen, wadda aka gina don mutane kaɗan. Wannan damuwa ce mai kai, domin ana iya auna ta, ana iya gyara ta. Sauran tsoron kuwa, na cewa ɗan Afirka ko ɗan Siriya tulun cuta ne mai tafiya, reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya amsa shi a rahotonsa na Janairun 2019: haɗarin baƙi su yaɗa cuta ga masu masauki kaɗan ne ƙwarai, kuma da yawansu lafiya lau suke barin gida, wahalar hanya da irin wurin da aka ajiye su ne ke kayar da su.

A kudancin Italiya kuma akwai Riyace, gari mai mutum kimanin dubu biyu, wanda matasansa suka watse neman aiki suka bar gidaje a kulle. Tun da wani jirgin ruwa ya sauke Kurdawa a gaɓarsu a 1998, wani ɗan garin, Domeniko Lukano, wanda ya zama magajin gari a 2004, ya riƙa buɗe gidajen nan yana sa baƙi a ciki, har da 'yan Afirka da yawa, iyali guda a wannan lungu, wani a wancan. Makarantar garin ta sake samun yara. Daga baya an kama shi a 2018, an yanke masa shekara 13 a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta soke mafi yawan hukuncin a 2023. Wannan shari'arsu ce. Abin da ya shafe mu shi ne dabarar: a raba mutane cikin gidaje maimakon a jibge su wuri guda. Mu da ba mu taɓa jin sunan Riyace ba a lokacin, haka muka yi da zaurukanmu.

Kada a ce mun wanke tafiya tas. Akwai cutar da ke bin mai gudu. Yaron da aka haifa a ƙauyen da ma'aikacin lafiya ya yi shekaru bai taka ba, babu allurar ƙyanda a jikinsa, babu ɗigon shan inna a bakinsa. A Agustan 2016, bayan shekara biyu ana murnar an rabu da shan inna a Nijeriya, sai ga ta a Borno, a Gwoza da Jere. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Amma ko a nan, a duba wa ya fi shiga haɗari. Yaron da ba a yi wa rigakafi ba shi ne farkon faɗuwa, na baƙo ne ko na mai gida. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 a Kano ya fi ƙarfi, ya taɓo Yobe da Katsina da mu nan Jigawa, kuma mafi yawan waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Ba a buƙaci wani ya gudo daga ko'ina ba. Giɓin a gida yake.

Sannan kogi ya juya mana darasin. Kogin Haɗejiya ya daina bin tsohuwar al'adarsa tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma yana tafiya shekara duka, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa, yashi ya cike wasu. Idan aka yi damina mai nauyi sai ya nemi hanya ta gonaki da ɗakuna. A 2020 ya yi mana haka, a 2022 ya fi, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri suka fito a kwale-kwale da akuya da tukunya. A cikin gari matasa suka riƙa kwana suna ɗura ƙasa a buhu suna toshe jinga. Wanda ya ba da zaure a 2015, ga shi kwance a ajin firamare, ko a bakin titi ƙarƙashin rumfar leda. Kuma kunnenmu ya jiyo mana ana cewa a garuruwan tudu, a yi hankali da mutanen ruwan nan, za su kawo amai da gudawa.

Amai da gudawa lissafi ne, kuma mu da sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta ce, lissafi ba ya ba mu tsoro. Ƙa'idar da masu aikin agaji na duniya ke bi ita ce masai ɗaya ga mutum ashirin, da ruwa mai tsafta aƙalla lita goma sha biyar ga kowane mutum a rana. A ce mutum ɗari huɗu ne suka sauka a wata firamare. Masai ashirin ke nan, da lita dubu shida kullum. Wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san masai nawa ne a bayan ajinsu, ya kuma san halin da yake ciki tun kafin ruwa ya cika shi ya tumbatsa. Daga nan sai bayan gida a fili, ruwa ya kwashe ya kai rijiya, rijiya ta kai randa. Ƙwayar kwalara ba ta tambayar mutum garinsu. A 2021, shekarar da ke tsakanin manyan ambaliyoyin biyu, an samu sama da mutum dubu 111 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Kowa yana gidansa a lokacin.

Akwai kuma wani abu da ba a cika magana a kansa ba, wanda aikinmu ya sa muke ganinsa. Raba baƙi cikin zauruka yana hana cunkoso, amma yana ɓoye su daga ƙirga. Asibitin mazaɓa yana karɓar allurar rigakafi ne bisa ƙiyasin yawan mutanen da ke kewaye da shi, ƙiyasin kuma daga ƙidayar 2006 ake ta ninka shi, don ba a sake wata ba. Iyali goma da suka sauka a unguwa jiya ba sa cikin wannan adadi. Manhajar DHIS2 da ake tara bayanan lafiya da ita a ƙasar nan, wadda Jami'ar Oslo ta Norwe ta ƙirƙiro, abin da ake zuba mata daga ƙananan asibitoci yawanci jimla ce ta wata-wata: yara nawa aka yi wa allura ta farko, nawa ta biyu, nawa ta uku. Sunan yaron yana cikin babban rajistan takarda a kan teburin asibitin ƙauyensu, da kuma katin da ke hannun uwarsa. Idan aka ƙone asibitin, ko ruwa ya shiga, kuma katin ya zama kunu a ƙasan akwati, to tarihin yaron ya tafi. Allurar da ke kare mashaƙo sau uku ake yin ta, a sati shida da goma da sha huɗu, ta ƙyanda a wata tara. Uwa ta iso wurin ma'aikaciya a garin da ba nata ba, a ce "Baiwar Allah, nawa aka yi masa?" ta ce "Wallahi an dai yi masa a cinya, sau ɗaya ko biyu." Ita ba ta yi ƙarya ba, ma'aikaciyar ma ba ta da laifi.

Duk fom ɗin da aka ba mu mu mayar manhaja, gurbin adireshi guda ɗaya ne: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, unguwa. Wanda ya tsara shi ya ɗauka mutum bishiya ce. Babu gurbin "daga ina ka taso", babu na "a gidan wa ka sauka", babu na "sai ruwa ya janye". Masu bi gida-gida suna raba maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina, su da masu ɗigon shan inna, da alli suke rubuta alama a bango don na baya ya san an shiga. Iyalin da ke kan jinga ba su da bango. Watannin da sauro ya fi yawa su ne watannin da suka fita daga taswira.

Mun zauna a kan wannan ba sau ɗaya ba, mu 'yan tsirarun da ke wannan sana'a daga gari, wasu a Kano, wasu a Abuja, muna haɗuwa a WhatsApp bayan isha'i. Kullum sai wani ya kawo babban tsari: katin lafiya na zamani, zanen yatsa, rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya. Kullum sai wani ya tuna masa cewa a ƙauyen kakarsa sai an hau tudu ake samun sabis, wayar kuma ta mai gida ce, tana caji a shagon mai janareto. Abin da muka ga yana aiki ƙanƙane ne har yana ba mu kunya a matsayinmu na masu digiri. A ɗauki hoton katin yaro, gaba da baya, a tura wa ɗan'uwa da ke birni. Mai hawan jini ko ciwon suga a ɗauki hoton kwalin maganinsa, don sunan ƙwayar da ƙarfinta su ne abin da likitan garin baƙunci zai fara tambaya. Mai unguwa idan ya sauki baƙi ya rubuta yara nawa ne da shekarunsu a takarda ya kai asibitin mazaɓa da kansa, tun kafin wani ya kwanta.

Matan ƙauyukan bakin kogi sun riga mu. Tun bayan 2020 da yawansu a leda biyu suke naɗe katin rigakafi da na awo, su ɗaure bakin da zare, su sa a cikin kwanon da za a fara ɗauka idan aka yi shelar ruwa ya karya. Wasu a haɓar zani suke ƙulle shi daga watan Agusta, tare da kuɗin kwale-kwale.