Wanda Muka Fara Gani Da Wanda Ya Gaje Shi

  Hirar tamu ta yau za ta ɗan yi nisan zango, domin zan ɗauke ki ne zuwa wani gidan wasa a ƙasar Amurka, amma ki daure ki biyo ni, maganar za ta dawo har tsakar gidanki.

Da wuya a ce yaranki ba su taɓa kallon katun ɗin nan na Simba ba, ɗan zakin da baffansa ya kashe masa uba ya haye gadon sarauta. Sunan fim ɗin The Lion King, kamfanin Disney ne ya fitar da shi a 1994. Shekara 3 bayan fitowarsa sai aka mayar da labarin wasan daɓe, wato mutane su hau dandamali a gaban 'yan kallo su yi shi da magana da waƙa da rawa, babu kamara balle a ce a yanke a sake. An buɗe shi ranar 13 ga Nuwamba, 1997 a gidan wasa na New Amsterdam da ke Broadway, unguwar gidajen wasa ta birnin Niyok, a 2006 aka mayar da shi gidan wasa na Minskoff. A birnin Landan kuwa an fara shi a watan Oktoba na 1999 a gidan wasa na Lyceum. A Niyok, in ban da hutun dole na annobar korona daga Maris 2020 zuwa Satumba 2021, ba a taɓa ajiye shi ba. Sau 8 ake yi a mako, kowanne kimanin awa 2 da rabi, kuma a can kaɗai an riga an haura sau 10,000.

To 'yar uwa, ki lissafa. Jaririyar da aka haifa ranar da aka buɗe wasan nan yau ta isa ta zama uwar 'ya'ya. Babu maƙogwaron da zai jure waƙa ɗaya tsawon wannan lokaci, ga tsufa, ga ciwo, ga haihuwa, ga wanda ya sami wani aikin, ga kuma mutuwa. Saboda haka dole 'yan wasa su riƙa canzawa. Heather Headley, wadda ta fara fitowa a matsayin Nala, ta bar wasan ta koma wani mai suna Aida, inda ta ci lambar yabo ta Tony a 2000. Wasu sun tafi, an kawo wasu, labarin kuwa yana nan.

Abin da ya sa canjin yake fitowa fili a wannan wasa shi ne dabarar matar da ta tsara shi, Julie Taymor. Ba ta yarda a rufe ɗan wasa ruf cikin rigar dabba ba. Mai fitowa a Mufasa, wato sarkin zakuna, ana ɗora masa ƙerarriyar fuskar zaki ne a saman kansa kamar hula, tasa fuskar kuma tana waje kowa na gani. Masu fitowa a raƙumin dawa suna tafiya kan dogayen sanduna huɗu, giwa kuma mutum huɗu ne ke cikin ƙafafunta. Ke nan mai kallo yana ganin dabbar, yana kuma ganin mutumin a lokaci guda. Duk ranar da aka canza ɗan wasa, fuskar zakin da ke sama tana nan yadda take, ta ƙasan ce ta zama baƙuwa. Wannan aiki ne ya sa Taymor ta zama mace ta farko da ta ci lambar Tony ta tsara wasan waƙa a 1998, shekarar da wasan ya kwashe lambobi 6.

Bari mu ɗauki Rafiki, birin nan mai sanda. Sunan na Suwahili ne, ma'anarsa aboki, kuma duk wadda ta ɗan taɓa Larabci za ta ji kalmar rafiƙi a ciki. A katun namiji ne, amma Taymor ta mayar da shi mace, ta ɗauko siffarta daga mata masu maganin gargajiya na kudancin Afirka. Ita ce ke buɗe wasan da wani dogon kira cikin harshen Zulu, kiran da mawaƙin Afirka ta Kudu Lebo M ya yi a farkon katun ɗin. Wadda ta fara riƙe matsayin ita ce Tsidii Le Loka, haifaffiyar ƙasar Lesoto, har sunanta ya shiga takarar lambar Tony. Daga cikin waɗanda suka biyo bayanta akwai Tshidi Manye 'yar Afirka ta Kudu. Sunayen sun yi kama, kada ki rikice, mutum biyu ne. Manye ta shiga wasan ne a birnin Toronto na Kanada a 2000, ta kuma shafe fiye da shekara 20 tana fitowa a Rafiki, sau dubbai.

Na zauna da yarana mun kalli bidiyon kowaccensu a intanet, ɗaya bayan ɗaya. Muryar Le Loka tana da kaifi, tana tashi sama tsaye kamar guɗar da ke ratsa unguwa, mai ji sai ya nutsu ko bai shirya ba. Ita kuwa Manye muryarta ta fi faɗi da ɗumi, kuma ta fi wasa da ido da dariya, sai ki ga kamar kakar nan mai tsokanar jikoki wadda in ta ɗaure fuska kowa ya shiga taitayinsa. Babbar 'yata ta zaɓi ta farko, ƙaramin ya ce shi ta biyun ce tasa domin ta fi ba shi dariya. Ni dai abin da na gani shi ne kowacce ta fito da wani ɓangare na halin Rafiki wanda ɗayar ba ta tsaya a kansa sosai ba.

Haka zancen yake ga Mufasa. Duk wanda ya san katun ɗin ya san muryar James Earl Jones, mai kauri kamar rugugin hadari. Da aka zo daɓe sai aka ba Samuel E. Wright, mutumin da ya yi muryar ƙaguwar nan Sebastian a katun ɗin The Little Mermaid. Wright bai tsaya kwaikwayon Jones ba, kuma an ɗora masa nauyin da ba a ɗora wa Jones ba, domin Mufasan daɓe yana rera wa ɗansa waƙa, na katun kuwa ba ya yi. Bayansa an yi Alton Fitzgerald White, wanda ya fito a Mufasa fiye da sau 4,000. Wright ya mutu a 2021, Jones kuma a 2024, amma har yanzu duk dare akwai wanda ke ɗora fuskar zakin nan a ka ya fito.

Waɗanda suka fi saurin canzawa su ne yara masu fitowa a Simba da Nala suna ƙanana. Su ba laifi suke yi a cire su ba, girma ne kawai. Da yaro ya yi tsawo ko muryarsa ta fara buɗewa, to zamansa ya ƙare, sai a kawo wani. Ko a lokacin da suke ciki ma karɓa-karɓa suke yi, domin ba a barin yaro ɗaya ya ɗauki wasa 8 na mako. Shahadi Wright Joseph ta yi ƙaramar Nala a Broadway, daga baya kuma ita ta yi muryar ƙaramar Nala a sabon fim ɗin da aka fitar a 2019. Akwai kuma 'yan ko-ta-kwana, waɗanda suka haddace matsayin wasu suna jira. In mura ta kama babban ɗan wasa da rana, da dare su za su fito, a gaban mutanen da suka sayi tikiti da tsada domin ganin wani daban.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wata 'yar uwar maigidana da ke zaune a Ingila ta kai yaranta kallon wasan a Landan, bayan wajen shekara 10 ta sake komawa da 'yan autanta. Da muke waya sai ta ce mini, "Yaya, ai wasan ya lalace, wannan Rafikin ko kusa ba ta kai waccan ba." Na ce me ta kasa yi? Ta yi shiru, can ta ce ita dai ba haka ta saba ji ba. Yaran da ta tafi da su karo na biyu kuwa sun dawo suna ta zuba santi, a wurinsu wannan ita ce Rafiki, babu wata. In ta sake zuwa da jikoki nan gaba, su ma haka za su ce game da wadda suka tarar.

Sabo ne yake mana alƙalanci ba mu sani ba. Wanda muka fara gani shi yake zama mudun da muke auna kowa da shi, kuma tare da shi muke tuna ƙuruciyarmu da daɗin ganin abu karon farko, abin da na biyu ba zai taɓa iya ba mu ba komai ƙwarewarsa. Tsarin sana'ar ma ya taimaka wa na farko. Faifan waƙoƙin wasan da aka naɗa a 1997 muryoyin 'yan farko ne a ciki, shi mutane ke saurare a gida kafin su je kallo. Lambar Tony kuma a shekarar buɗe wasa ake takararta, wanda ya gaji matsayi ba ya shiga, ko da ya ninka na farkon yawan fitowa. Alhali in ba don magadan nan ba, da tuni an rufe ƙofa. Ko a nan gida mun ga irin wannan. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina a 2022 aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, ai kin tuna yadda muhawara ta kaure a gidajen biki da zaurukan waya, wasu ma tun kafin su kalli fitowa ɗaya sun gama yanke hukunci.

In a wasa ne abin da sauƙi, domin ɗan wasa zai karɓi albashinsa ya tafi gida. Inda yake ciwo shi ne a rayuwa. Na taɓa karɓar wani aji daga hannun wata malama dattijuwa da ta shekara da shekaru tana koyarwa, kuma ta cancanci duk son da ake mata. Watanni na yi ina jin "ai Malama ba haka take yi ba", daga ɗalibai har iyayensu. Karatun ɗaya ne, littafin ɗaya ne, murya da salon ne suka bambanta. Bayan shekara 2 sai ga sababbin ɗalibai da ba su san kowa ba sai ni, kuma na san ranar da zan bar ajin, wata baiwar Allah za ta sha irin abin da na sha, da sunana.

Nawa ma mai sauƙi ne in aka kwatanta da na matar da aka aura a gidan da uwargida ta rasu ta bar 'ya'ya. Ta tarar da ɗaki, da tukwane, da yara, da dangin miji, kowa da hoton marigayiya a zuciyarsa. In ta yi miya a ce ta Hajiya ta fi daɗi. In ta tsawata wa yaro a ce da uwarsa na nan ba za a yi masa haka ba. In ta yi ƙoƙarin yin komai yadda marigayiya take yi a ce kwaikwayo take, in ta yi nata a ce ta zo ta canza gida. Ana gwada ta da wadda mutuwa ta riga ta shafe wa kurakurai a zukatan mutane, alhali ita ce ke tashi da asuba ta ɗora ruwan wankan marayun, ita ce ke kwana zaune in zazzaɓi ya kama ɗayansu. Haka sabuwar suruka da ta zo bayan an saki wadda kuka shaƙu da ita, haka sabuwar ungozoma, haka sabuwar shugabar ƙungiyarku ta mata.

Ban ce ki daina son na farko ba 'yar uwa, ban kuma ce duk magaji nagari ne ba. Akwai wanda zai karɓi matsayi ya kasa, kuma su kansu masu wasan nan ba sa barin abu sakaka, suna da masu sa ido da ke zama cikin 'yan kallo suna rubuta gyara. Amma ma'auninsu shi ne aikin: an rera waƙar daidai, an isar da labarin, mai kallo ya ji mutuwar Mufasa a ransa? Ba sa tambayar ko sabon ya yi kama da tsohon. Mu ma mu ari wannan. Kafin ki ce wance ba ta kai wance ba, ki tambayi kanki takamaiman abin da ta gaza a kai. In yaran sun ci sun ƙoshi, sun je makaranta da tsabta, ba a zaluntar su, to bambancin ɗanɗanon miya ba laifi ba ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ki ba ta lokaci, domin ita waccan ɗin ma ba rana ɗaya ta zama yadda kika san ta ba. Kuma ki kiyaye harshenki a gaban yara, domin abin da suka ji daga bakin gwaggo ko inna shi suke ɗauka su shiga da shi ɗakin matar ubansu.

In kuwa ke ce kika gaji wata, kada ki kashe kanki wajen zama ita. Ki girmama abin da ta bari, ki ambace ta da alheri a gaban 'ya'yanta, ki tambayi yadda take yin abin da suka saba da shi, sannan ki yi da naki hannun. Masu kwatanta ki da ita za su gaji, musamman in suka ga aikin yana tafiya.

A nan zan dakata. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara.