Ƙurar Hunturu da Hayaƙin Ɗaki

A ƙasarmu ta Gezawa ba a bukatar kalanda kafin a san hunturu ya shigo. Da an gama kai dawa rumbu, wajen ƙarshen Nuwamba, sai iska ta juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Gari ya waye fari fat. Rimin da ke bakin hanya, wanda kullum ake hangensa daga ƙofar gida, sai ya ɓace cikin hazo. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Motocin da ke zuwa daga Kano su kunna fitila da rana tsaka. A cikin wannan hazo muke yin Kirsimeti kowace shekara, yara sanye da sababbin tufafi, fuskokinsu kuwa furu-furu.

Sa'ad da nake yaro nakan ji mahaifina yana cewa shekarar da aka yi hazo sosai gero zai yi kyau. Iyayenmu mata kuwa ba su son jin wannan magana, gama su ne masu share ƙura sau uku a yini, su ne kuma masu kwana zaune da yaro mai tari. Da na girma na gane dukansu suna da gaskiya.

Ƙurar nan baƙuwa ce. Yawancinta daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, fiye da kilomita 1,000 daga nan. A zamanin da can wurin gindin wani babban tafki ne. Ruwan ya ƙafe, ya bar farin gari mai laushi. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Wani ya sauka a gonakinmu, wani har ya ƙetare teku ya sauka a kurmin Amazon.

Mai karatu da ya san ƙasar Kano ya san gona tana jingine da gona. Ba mu da dajin da za mu bar ƙasa ta huta. Gonar da kakana ya noma ita muke nomawa kowace damina. A shekarun 1990 wata masaniya, Frances Harris, ta yi bincike a gonakin Tumbau, a nan ƙaramar hukumar Gezawa, don ta gane yadda ƙasa ba ta mutu ba. Ta tarar babban sirrin shi ne takin tumaki da awaki da ake ciyarwa da harawa, da wake da gyaɗa da ake shukawa cikin hatsi. Amma cikin lissafinta har da ƙurar hunturu, wadda ke ƙara wa gona ɗan abinci ba tare da manomi ya ɗaura wa jaki mangala ba. Ashe tsofaffi sun ga abin da idonsu tun kafin a auna shi.

Sai dai abin da gona take sha da murna, ƙirjin mutum ba ya so. Busasshiyar iska da ƙura suna kakkarce hanci da maƙogwaro, su buɗe wa cuta ƙofa. Shi ya sa mura da haɓo da ciwon ido suke yawa, masu asma kuma su sha wuya. Shi ya sa kuma sanƙarau yake zuwa da rani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ya lafa da saukar ruwa. Wanda ya ga 1996 ba zai manta ba. A shekarar nan sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Kano kuwa tana cikin inda ya fi ɓarna. An soma allurar rigakafin MenAfriVac a ƙasar nan a 2011, a 2024 kuma aka kawo sabuwa mai kāre mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar.

To, ƙurar Chadi ba mu da ikon tsai da ita. Amma akwai wata muguwar iska da mu muke yinta da hannunmu, ita ce ta fi ba ni tsoro. In sanyi ya tsananta a Janairu, sai a shigar da kaskon garwashi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa, mutum shida ko bakwai su kwanta.

Wata shekara maƙwabtanmu suka yi haka. Rana ta fito ba a ji motsinsu ba. Da aka ture ƙofa aka tarar da uwar tana amai, ta kāsa tsayawa, yara biyu suna kukan ciwon kai, jaririyar kuwa ta yi laƙwas. Muka fito da su tsakar gida, aka nemi mota aka kai su asibiti. Allah ya taimaka duka suka tashi. Mutane suka ce iska ce ta shiga ɗakin. Lalle iska ce, amma ba irin wadda suke nufi ba. Garwashi, ko ya daina hayaƙi, yana fid da wata iska mai dafi wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau, mutum ya zarce daga barci zuwa mutuwa bai sani ba.

Hayaƙin kara da na ɗanyen itace shi ma ba a baya yake ba. Uwa tana tuƙa tuwo a rufaffen madafa, jariri yana goye a bayanta, duk abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa, huhunsa kuwa ƙarami ne. Yara kuma su tara robobi da leda da asuba suna jin ɗumi. Ƙura ta kakkarce ƙirji, hayaƙi ya bi sawu, ciwon huhu ya sami wurin shiga.

Ga abin da muke yi a gidanmu, ba ya kuwa cin ko kwabo. Ana ɗuma ɗaki da garwashi tun da sauran dare, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar taga da 'yar kafa. Kuɗin gawayi gara a tara a sayi bargo. Ana yayyafa ruwa kafin shara. Ana dafuwa a fili, jariri yana hannun wani nesa da murhu. Yaro ya sa hula da rigar sanyi, a shafa masa man kaɗe, a ba shi ruwa ko bai roƙa ba. In aka ga yaro yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, ba a jiran gobe, asibiti za a nufa. In masu rigakafi sun zo gari, a fito da yara duka.

Maigida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Kai ne kake zagayawa ka rufe ƙofar gida da dare. Ka leƙa ɗakin yara ka ga ko kasko yana ciki. Nan da 'yan watanni iska za ta juyo daga kudu, hadari ya haɗu, ruwan fari ya kwantar da ƙurar a cikin kunya inda take da amfani. Muna so ranar shuka ta same mu cif, ba wanda ya ragu a gidan.