Ledar da Ta Fitar da Ni Daga Gasa

Mai karatu, in ka riski zamanin da ake manna fastocin finafinai a bakin shagunan kaset, mai yiwuwa ka taɓa tsayawa kallon aikina ba ka sani ba. Ni ne irin mutumin nan da ke raɓe a bayan darakta a lokeshan, ina jiran a ce "kot" in ɗauki hoton jaruma kafin hawayen ya bushe. Amma yau ba labarin fim zan ba ka ba. Labarin wani hoto ne guda ɗaya, da yadda na shiga gasa da shi na fito da kunya.

Bari in fara da kyamarar. A 2016 na sayi Canon 7D ta hannu. Kowace kyamarar zamani tana da manhajar da kamfani ya dasa mata a ciki, ita ke gaya mata abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba. To akwai wasu masu ƙwaƙwalwa da suka ga cewa injin ya fi ƙarfin abin da kamfani ya yarje masa, sai suka rubuta tasu. Sunanta Magic Lantern, wani Ba'amurke Trammell Hudson ya faro ta a 2009 saboda masu ɗaukar bidiyo da 5D Mark II. A katin memori take zama, kyauta ce, kuma kamfanin ba ruwansa in ka ƙona kayanka. Ranar da na sa ta hannuna har rawa yake yi.

Abin da ya ja ni shi ne wata dabara da suka fito da ita a 2013, wai ita Dual ISO. Ka san matsalarmu a nan ita ce rana. In ka daidaita kyamara don cikin zaure, waje ya ƙone fari fat. In ka daidaita don waje, na cikin zaure ya koma inuwa. Dabarar tasu ita ce a raba idon kyamarar layi-layi, wasu layukan su ɗauka a ISO 100, wasu a 1600, duk a ƙiftawa ɗaya. Daga baya wata ƙaramar manhaja a kwamfuta ta haɗe su.

Da wannan na ɗauki kawuna. Maɗinkin hannu ne, ya fi shekara hamsin yana zuba aska a wuyan manyan riguna. Yana zaune a zaurensa mai duhu, allura a hannu, a bayansa ƙofa buɗe, rana tsaka, yara na dawowa daga makarantar allo. Komai ya fito, tun daga zaren da ke bakinsa har ƙurar da yaran suka tayar. Da na nuna masa sai ya ce, "Kai ɗan nan, ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini?" Bai kai ƙarshen shekarar ba Allah ya karɓi abinsa.

Wannan hoton na tura wata gasa ta ƙasar waje, ba sai na kama suna ba. Bayan watanni saƙo ya zo cewa na tsallake zagayen farko, su na son ɗanyen fayil.

A nan sai na yi maka bayani. Hoton da ka saba gani, JPEG, dafaffe ne: kyamara ta riga ta zuba masa gishiri da magi, ta zubar da sauran. Ɗanyen kuwa, wanda ake kira RAW, shi ne duk abin da idon kyamara ya gani ba a taɓa ba. Shi ne nagatif na wannan zamani. Alƙalai kan ajiye shi kusa da hoton da ka turo su duba me ya ƙaru, me ya ɓace.

Nawa ɗanyen ya fito da zane-zane kamar tabarma, saboda layukan nan biyu. Wanda aka haɗe kuwa kwamfuta ce ta haife shi, dokarsu kuma ta ce sai fayil ɗin da ya fito daga cikin kyamara kai tsaye. Na tura duka biyun tare da doguwar wasiƙa, ina rantse-rantse cewa latsawa ɗaya ce, ba haɗe-haɗen hotuna ba. Har na shirya abin da zan faɗa a majalisa in sun kore ni: ai mu talakawa da ba mu iya sayen kyamarar miliyoyi, in mun yi dabara sai a ce mun yi maguɗi. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa manhajar ba ta yi ƙarya ba. Ba ta sa wa kawu abin da babu a zauren ba, haske kawai ta ceto.

Amsarsu ba ta fi layi huɗu ba. Game da manhajar sun ce sun fahimta, za a iya tattaunawa. Amma a kusurwar hagu ta ƙasa akwai wani abu a ɗanyen fayil da babu shi a hoton da na turo.

Wallahi mai karatu na manta da ita sam. Ledar fiya wata ce, wani yaro ya sha ya yar a bakin ƙofa. Daren da nake gyaran hoton ta tsone mini ido, na sa Photoshop na share ta cikin minti ɗaya, kamar yadda na saba share ƙurji a fuskar jaruma ko wayar lantarki a bayan jarumi. A fasta wannan ba laifi ba ne, aikin ke nan, don shi ake biyan mu. Hannuna ya saba har bai sanar da zuciyata ba.

Da na bi tarihi sai na tarar ina da abokan kuka. A 2010 gasar World Press Photo ta Amsterdam ta ƙwace kyautar Stepan Rudik saboda ya goge ɗan guntun ƙafar wani mutum a hotonsa na ƴan damben titi a Kiev. Ya yanke hoton, ya mai da shi baƙi da fari, duk ba a ce komai ba, ƙafar nan ce ta kayar da shi. A 2015 kuma kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe a gasar an watsar da su bayan an gwada su da ɗanyen fayil.

Kada kuma ka ɗauka ɗanyen fayil waliyyi ne. Abin da ya tsaya a gaban kyamara kaɗai ya sani, bai san wa ya ajiye shi a wurin ba. A 2018 gidan tarihin halittu na Landan ya janye kyautar da ya ba Marcio Cabral na Brazil kan hoton wata dabba mai kama da dabgi tana jingine da suri cikin dare. Masana suka ce busasshiyar gawa ce irin wadda ake ajiyewa don masu ziyara, shi kuma ya musanta. Ka ga a nan ba a share komai a kwamfuta ba. Mu ƴan fim mun fi kowa sanin wannan, tunda kullum shirya ƙarya muke yi mu ɗauke ta da gaske.

Na yi kwana biyu ina jin haushi, ina cewa leda ɗaya me ta rage wa kawu? Sai na zauna na buɗe hotunan biyu gefe da gefe. Wanda na share ya yi kyau, kamar zauren wani littafin tarihi. Mai ledar kuwa zauren kawu ne, na unguwarmu, inda ya sha yi wa yara faɗa kan zubar da shara a ƙofarsa. Ban rubuta musu na roƙa ba.

Mai ledar na wanke babba na sa a firam na kai wa matarsa. Ta daɗe tana kallo, ta shafa gilashin da gefen mayafinta, sannan ta nuna kusurwar hagu ta ce, "Ka gani ko, da ya lura da ita da sai ya ajiye allurar nan ya tashi."